Yaran shagona suna ta tafiya, anya ba ni ne matsalar ba?

Assalamu alaikum Malam. Dan Allah a sakaya sunana. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarata 34, muna sayar da atamfa da shadda da leshi. Alhajinmu ya rasu farkon 2022, ni ne babba a maza don haka riƙon shago biyu da sito ya dawo hannuna, da yara tara har da ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya. Wallahi ban taɓa cin haƙƙin kowa ba, kuɗin abinci da na mota kullum ina bayarwa, ina musu kayan sallah, amma cikin shekara ɗaya yara huɗu sun tafi. Wanda ya fi min ciwo wani dattijo ne da muke ce wa Baba, shekara 22 yana tare da Alhaji, shi ke riƙe da makullin sito. Wata biyu da suka wuce aka ga babu turmi shida na atamfa, raina ya ɓaci na yi masa magana a gaban yara da kwastomomi, ban ce ya sata ba, cewa na yi in tsufa ne ya hana shi aiki ya faɗa min. Washegari ya aiko da makulli. Daga baya aka gano ni ne na ba wani kayan bashi na manta ban rubuta ba. Na aika masa kuɗi da buhun shinkafa ya dawo da su. Ƙanina yanzu daga gaisuwa shi kenan, iyalina kuma ta ce ko a gida in na shigo yara tsit suke yi. Na tara yaran shago na ce duk mai ƙorafi ya faɗa, kowa ya ce babu komai. Ni a ganina tsare gida kawai nake yi saboda akwai haƙƙin marayu a dukiyar, kasuwa kuma sai da ido. Ni ne matsalar ko yaran yanzu ne ba sa son a tsawatar? Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ɗan'uwana. Allah ya jiƙan Alhaji, ya haskaka kabarinsa, ya ba ka ikon riƙe abin da ya bari.

Na karanta saƙonka har sau biyu, kuma abin da ya fara tsaya min a rai shi ne da bakinka ka faɗa cewa kai ne ka ba da kayan nan bashi ka manta. Da ka ga dama da ka tsallake wurin nan, ba wanda zai sani, ni ma da sai in ba ka shawara a kan rabin labari. Wannan ya sa nake ganin gyaranka ba zai yi wuya ba in sha Allahu. Kuma na san lokacin da kaya suka faɗo maka a ka. Ka karɓi shago ana makoki, ba a jima ba ambaliyar watan Agustan 2022 ta shiga Kwari ta jiƙa wa mutane kaya na maƙudan kuɗi, farkon 2023 aka shiga wahalar canjin kuɗi, ga kwastoma ga kaya amma takardar naira ta ɓace sai tiransifa, a tsaya ana jiran alat, sannan ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, dala kuma ta yi ta hawa har ta haura naira 1,500 a 2024, kai kuwa yawancin kayan da kake sarowa farashinsu bin dala yake. Duk wanda ya riƙe shago a waɗannan shekaru ya san kwana da lissafi a kai. Ga Hajiya, ga ƙanne, ga mutanen layi suna kallo su ga ko ɗan Alhaji zai iya. Ni abin da nake hangowa a ƙarƙashin faɗan nan naka tsoro ne, tsoron kar a ce dukiya ta lalace a hannunka, kuma namiji a garin nan ba ya iya cewa ina jin tsoro, sai abin ya fito ta hanyar tsawa.

To amma ka yi tambaya kai tsaye, bari in amsa maka kai tsaye. Eh, kaso mai yawa daga wajenka yake. Yaro ɗaya ya bar shago ba labari ba ne a Kwari, kullum ana yi. Amma yara huɗu, da dattijon da ya yi shekara 22 bai tafi ba sai a hannunka, da ƙaninka, da matarka, da 'ya'yan cikinka waɗanda ba ruwansu da atamfa, duk ba zama suka yi suka haɗa baki ba amma abu ɗaya suke nuna maka. Ruwa ba ya tsami banza. Ban ce kai mugu ba ne, mugu ba ya kwana yana tunanin ko shi ne da laifi. Kai mutum ne da ya san niyyarsa sarai amma bai san yadda maganarsa take sauka a jikin mutane ba, kuma ga mai shugabanci wannan giɓin ba ƙarami ba ne, domin kai da niyyarka kake auna kanka, su kuma ba sa ganin niyya, abin da ya fito daga bakinka da fuskarka shi suke kwana da shi.

Duba maganar nan da ka yi, “ban ce ya sata ba”. Gaskiya ne ba ka furta kalmar ba. Amma ka tsaya a inda Baba ya tsaya ranar nan. Kaya sun ɓata, makulli a hannunsa yake, ga yaran da shi ya koya musu ninke atamfa suna kallo, ga baƙi, sai yaron da ya girma a gabansa ya ce masa in tsufa ne ya faɗa. Abu biyu ya ji a lokaci ɗaya, ko dai ɓarawo ne ko kuma ya zama kaya. Mutum irin Baba ba shi da shago ba shi da dila, jarinsa kaf a kasuwar nan shi ne a ce wane mai amana ne, kuma shi ka taɓa a bainar jama'a. Shi ya sa ya dawo da shinkafar. Ba girman kai ba ne, yana gaya maka ne cewa abin da aka karɓe masa ba a buhu yake ba. Kuma ka lura, aike ka yi, ba ka je ba. Ina so ka tambayi kanka tsakaninka da Allah me ya hana ƙafarka zuwa, don amsar wannan tambayar za ta nuna maka wani abu game da kanka da ya fi duk abin da zan rubuta.

Sai maganar taron da ka kira kowa ya ce babu komai. Ɗan'uwa wannan “babu komai” ɗin kar ka ɗauke ta shaida. Yaron da abincinsa na rana yake hannunka, yake fatan wata rana ka sallame shi da jari, kuma da idonsa ya ga abin da ya sami Baba, shi ne zai ɗaga hannu a gaban 'yan'uwansa ya ce maigida kana da zafi? Ai ko a tarbiyyarmu ba a yi wa babba haka. Da Alhaji yana raye in ka yi ba daidai ba kallo ɗaya zai yi maka ka gane, ko ya kira ka bayan an tashi ya ce kai wane ba a haka. Ranar da ya rasu ba uba kaɗai ka rasa ba, ka rasa mutum na ƙarshe a shagon da zai iya ce maka ka yi kuskure ba tare da ya ji tsoron komai ba. Haka shugabanci yake, ko na shago ne ko na makaranta ko na ofis, kana hawa bakunan da ke gaya maka gaskiya suna rufuwa, masu cewa ranka ya daɗe suna ƙaruwa. Wata mai bincike kan halayyar ma'aikata a Amurka, Tasha Eurich, ta gano cewa kusan kashi 95 cikin 100 na mutane suna ganin sun san kansu, amma waɗanda suka san kan nasu da gaske ba su wuce kashi 10 zuwa 15 ba, kuma ta raba sanin kai gida biyu, akwai sanin abin da ke cikinka, akwai sanin yadda mutane suke ganinka, mutum yana iya samun ɗaya ya rasa ɗaya. Kai na biyun ne ya kuɓuce maka, kuma shi ba a samunsa ta zama a ɗaki ana tunani, dole sai an ji daga bakin wasu.

Malamanmu sun riga kowa faɗar wannan. Imamu Gazali ya kawo hanyoyi huɗu da mutum zai bi ya san aibinsa, ko ya zauna gaban malami mai basira, ko ya sami aboki mai gaskiya ya ɗora shi a kan ya riƙa lura da shi, ko ya saurari abin da maƙiyansa ke faɗa a kansa, ko ya cuɗanya da mutane duk abin da ya ƙi a wajensu ya duba ko yana da shi. An kuma ruwaito Sayyidina Umar yana addu'ar Allah ya ji ƙan wanda ya kawo masa aibinsa a matsayin kyauta, shi da yake halifa. To kai wa zai kawo maka taka kyautar? Ka nemi ɗaya daga cikin abokan Alhaji a layinku, dattijon da shagonsa yake kusa da naka yana jin muryarka kullum, ka same shi a gida ba a kasuwa ba, ka ce masa na zo ne ka gaya min abin da Alhaji zai gaya min da yana nan. Sannan yaran da suka tafi, su ne yanzu ba abin da za su rasa in sun faɗi gaskiya, ka nemi ɗaya ko biyu da kake ganin masu hankali ne ka ce ba dawo da kai na zo yi ba, so nake in san me ya kore ka. Waɗanda suke nan kuma ɗaya-ɗaya za ka same su, a hanyar masallaci ko wajen cin abinci, kuma kar ka ce “ina da matsala?” don a'a za su ce. Ka ce, wane abu ɗaya nake yi da yake sa aiki ya yi maka nauyi? Abu ɗaya tak, ya fi sauƙin fitowa.

Wurin da za ka sha wuya shi ne bayan sun buɗe baki. Wanzami ba ya son jarfa, kai da ka saba kai ke gyara wa mutane, za ka ji zuciyarka tana tafasa tana kawo maka hujja, ai ranar nan abin da ya sa na yi haka kaza ne. Ka danne. Ka ce na gode, na ji, zan duba, ka tashi. Ko rabin maganar ba daidai ba ne kar ka gyara a wurin. Kuma dan Allah duk wanda ya fara gaya maka gaskiya kar ya ga canjin fuska washegari, domin sauran suna kallon abin da zai same shi, in ya sha to ka rufe ƙofar nan da hannunka kuma ba za ta sake buɗuwa da wuri ba.

Akwai kuma aikin da kai kaɗai za ka yi. Kai ɗan kasuwa ne, ka san abin da ba a rubuta ba ɓacewa yake, turmi shidan nan ma shaida ne. Ka sami ƙaramin littafi ko ka buɗe wuri a wayarka, sati biyu zuwa uku, kullum bayan isha'i ka rubuta sau nawa ka ɗaga murya yau, a kan wa, ƙarfe nawa, kuma me ya faru kafin nan. Ba wai ka zauna kana zagin kanka ba, lissafi kawai, irin muhasabar da ake cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Ina kyautata zaton za ka ga abin yana da lokaci da mafari, wataƙila bayan ka gama waya da wanda kake saro kaya a wajensa ya gaya maka sabon farashi, ko mai bashi ya ƙi ɗaga waya, ko azahar ta wuce ba ka sa komai a ciki ba, sai yaron da ya fi kusa ya kwashi abin da ba shi ya jawo ba. In ka gane mafarin ka sami wurin riƙewa. Ka kuma koyi alamar da jikinka yake ba ka, wani kansa ne ke ɗaukar zafi, wani ƙirji, wani sai ya ji muryarsa ta fara hawa. Da ka ji ta, Annabi (SAW) ya koyar da mu neman tsari daga shaiɗan, in kana tsaye ka zauna, ko ka fita ka yi alwala ka dawo. Sannan ka kafa wa kanka doka biyu da ba ka karyawa, ba ka yanke hukunci a kan kayan da suka ɓata a ranar da aka gano, sai an kwana ka fara bincikar littafinka da aljihunka, kuma ba ka yi wa kowa faɗa a gaban kwastoma. Littafin bashi ma ya hau kan kowa har kai, ka ba wani yaro izinin ya tare ka ya ce maigida ba a rubuta ba.

Kar ka fahimce ni cewa ka saki kasuwa. Maganarka gaskiya ce, kasuwa sai da ido, akwai yaro mai ɗan hali akwai malalaci, kuma ba mamaki cikin huɗun da suka tafi akwai wanda tafiyarsa alheri ce. Sa ido daban, wulaƙanci daban. Ayar nan ta 159 a suratu Ali Imrana da take cewa da ka kasance mai kaushin hali mai ƙeƙasasshiyar zuciya da sun watse daga gare ka, bayan Uhudu ta sauka, bayan wasu sun bar wurin da aka ajiye su an yi asara mai girma, amma umarnin da ya biyo shi ne ka yafe musu, ka nema musu gafara, ka yi shawara da su. Kuma ka duba ɓangaren yaran da kyau, kuɗin motar da kake bayarwa na yaushe ne? Litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a 'yan kwanaki a 2023, ta kuma ci gaba da hawa, in har abin da Alhaji yake bayarwa kake bayarwa to yaron da ke zuwa daga Kurna ko Sheka a adaidaita sahu cikin kuɗin abincinsa yake cikawa. Sannan sun san makomarsu? Yaron shago yana jure faɗa in ya san bayan shekara kaza za a sallame shi, in babu wannan maganar kuma ga tsawa, me zai zaunar da shi?

Ƙaninka kuwa, a nan nake ganin ka fi yin kuskuren da ba ka lura ba, ka lissafa shi cikin yara tara. Ba yaronka ba ne, magaji ne kamarka, yana da haƙƙi a cikin kowane turmi da ke sito in dai ba a raba gado ba. In ba a raba ba, ku zauna da Hajiya da malamin da ya san rabon gado a fayyace na kowa a rubuce, ko da za a ci gaba da juyawa tare, kuma duk wata ko duk wata uku ka buɗe musu lissafi. Wannan zai sauke maka rabin tsoron da kake ɗauke da shi kai kaɗai. Kuma in ka duba kanka da gaske ka ga ƙarfinka a saro kaya da lissafi da mu'amala da manyan kwastomomi yake, haƙurin tafiyar da yara kuma ƙaninka ya fi ka, to ka bar masa wannan ɓangaren, kai ka riƙe naka. Ba faɗuwa ba ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Iyalinka ka gode mata, ba ƙaramin ƙarfin hali ta yi ba da ta faɗa maka, kuma ita ce ta fi kowa ganin abin da kake dawowa da shi. Ka ba ta dama in ta ga ka shigo da fuskar kasuwa ta yi maka wata alama da ku biyu kuka sani. Kafin ka shiga gida ka ɗan tsaya a masallacin unguwa ko a mota minti goma, ka ajiye wayar kasuwa. Ina kuma so ka je a auna maka jini, kuma in barci yana maka wuya ko fushin yana zuwa ba ka iya riƙe shi, ka ga likita, a Asibitin Malam Aminu Kano akwai sashen da ke duba irin wannan damuwar, ba abin kunya ba ne. Ina zargin ko kukan rashin Alhaji ba ka samu ka yi ba, daga zaman makoki ka wuce shago.

Mutane za su ce maka hali zanen dutse, ni ban yarda ya hau kanka ba, domin wannan zafin bayan rasuwar Alhaji ya zo, nauyi ne ya kawo shi. Amma kar ka sa ran yara su saki jiki cikin sati guda, za su ɗauka lafawa ce kawai, sai sun ga wata da watanni. Za ka kuma zame wata rana ka yi tsawar, in hakan ta faru kar a rufe shago ba ka kira yaron ka ce ɗazu na yi maka ba daidai ba.

Farkon abin dai Baba ne, kuma kar ya wuce Juma'ar nan. Ka je gidansa da ƙafarka, ka ɗauki wannan abokin na Alhaji ya raka ka, kar ka riƙe kuɗi ko shinkafa. Ka zauna ƙasa ka ce Baba ni na ba da kayan, ni na manta, na ci mutuncinka a gaban mutane a kan laifina, ka yafe min, kuma kar ka sa “amma” a ciki ko sau ɗaya. Sannan tunda a gaban yara da kwastomomi ka yi maganar, a gabansu za ka wanke shi, ko ya zo ko bai zo ba ka tara su ka faɗa da bakinka. Yana iya yafewa ya dawo, yana iya yafewa ya ce ya huta, wannan zaɓinsa ne kar ka matsa masa. In bai dawo ba, bayan ƙura ta lafa ku zauna da Hajiya da ƙaninka ku yi masa sallama ta mutunci wadda ta dace da shekara 22, ta hannun abokin nan na Alhaji, kuma ka riƙa zuwa gaishe da Baba kana tambayarsa yadda Alhaji yake yi in kaya sun ɓata ko yaro ya yi laifi, don babu wanda ya fi shi sani. In ka je ka dawo ka rubuto min abin da ya ce da kuma yadda kuka yi da ƙaninka. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a kasuwa.